Ku Tambayi Kawu Na Bakin Ruwa: Sabbin Dokokin Yahat Da Mu 'Yan Aiki

Assalamu alaikum jama'ar Jidda da kewaye. Wannan watan kamar haɗa baki kuka yi, kusan duk saƙon da ya shigo a kan magana ɗaya yake, wato takardar nan da ƙungiyar masu yahat ta raba wa membobinta a kan dokokin Bahar Maliya, masu gida sun karanta shafin farko sun gaji sun miƙa wa kyaftin, kyaftin ya miƙa wa na ƙasa da shi, ƙarshe dai ta faɗo kan ɗan Hausa mai wanke jirgi da ɗaure igiya. Ga masu karanta mu daga gida da ba su san yahat ba, jirgin ruwan shaƙatawa ne na masu hannu da shuni, da ɗakunan kwana da kicin da esi a ciki, ba irin lancin masunta ba. Na zaɓi guda shida, sauran ku yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni ina aiki a jirgin wani Balarabe a Abhur shekara huɗu kenan, da can duk Alhamis da Juma'a in mai gida baya gari kyaftin yana ɗaukar mutane mu fita da su yawo su biya, a raba a bamu namu, da shi nake tura wa su Inna kuɗin cefane. Yanzu mai gida yace an hana kwata-kwata wai ƙungiyarsu ta gargaɗe su. Gaskiya ne ko rowa ce kawai irin tasu? Ɗanka daga Abhur ta Arewa.

AMSA: Ɗana, rowa kam akwai ta a garin nan ba sai an faɗa maka ba, amma wannan karon mai gidanka bai yi ƙarya ba. Abin da ya faru shine a ƙarshen 2021 gwamnati ta kafa hukuma ta musamman, Hukumar Bahar Maliya ta Saudiyya, aka ɗora mata duk harkar yawon shaƙatawa a teku, a 2023 ta fito da ƙa'idoji a kan marsa-marsa, wato wuraren ɗaure jirage, da wakilan jiragen yawo da hayar manyan yahat da kuma yahat na baƙi masu shigowa daga waje, a 2024 kuma ta ƙaro wadda ta shafi yahat masu rajistar Saudiyya su kansu, wato irin wanda kake ciki. Zuciyar maganar dai ɗaya ce, jirgin da mutum ya ajiye don kansa da iyalinsa daban, jirgin haya daban. Ranar da aka karɓi riyal ɗaya a hannun fasinja toh ya zama haya, ita kuwa haya tana son lasisinta da kwantiragi a rubuce da inshora da ta san da zaman fasinjan.

Ka ga abin da kuke yi da kyaftin ɗin nan, mu ma mun yi shi, ba zan zo nan ina maka wa'azi kamar ban taɓa cin kuɗin Alhamis ba. A zamaninmu sai ka cika jirgi da samari da kulolin shinkafa bukhari da kankana, in an tambaya a ce ai 'yan uwan mai gida ne, jami'i ya leƙo ya yi dariya yace yalla ku tafi. Wancan zamanin ya wuce tun da tasrihi, wato izinin fita teku, ya koma waya. Yanzu kafin ka bar marsa sai an nemi izinin Harasul Hudud, masu gadin iyakar teku, a manhajarsu ta Zawil, da sunan jirgi da na waɗanda ke ciki da lokacin fita da na dawowa, abin da aka rubuta yana nan a kwamfuta baya gogewa. In jirgi ɗaya duk sati da sabbin “'yan uwa” goma sha biyu ai ko yaro ya san da walakin.

Kuma ka tsaya ka yi tunani, in Allah ya kiyaye wani fasinja ya zame ya karye ko yaro ya faɗa ruwa, kamfanin inshora abu na farko da zai tambaya shine a matsayin me mutanen nan suka hau. Da ya ji an biya kuɗi a jirgin da ba na haya ba sai ya kakkaɓe hannunsa. Mai gida zai ce shi yana Landan bai san zance ba, kyaftin in ɗan wata ƙasa ne ya haɗa jakarsa, kai da aka gani da igiya a hannu kai za a fara yi wa tambaya. Shawarata, tunda kasuwar na nan kuma mutane na son hawa, ku lallaɓa mai gida ya yi wa jirgin lasisin haya ta hannun kamfani mai izini, sannan ka nemi a rubuta maka kasonka ko a ƙara albashi. Da yawansu sun fara yarda don kuɗin marsa da na gyaran inji ya ishe su, ga harajin kaya na kashi 15 da ake biya tun 2020 a kan kusan komai har fentin ƙasan jirgi.

TAMBAYA: Kawu ni igamata, wato katin izinin zamana, direban gida ce, sa'ik khas aka rubuta. Da kafilina, mai gidan da nake aiki a ƙarƙashin sunansa, ya gano na iya tuƙa kwalekwale mai inji tun ina Yawuri sai ya ɗora min lancinsa, mota da safe jirgi da yamma, albashi bai motsa ba. Yanzu naji ana cewa za a riƙa duba lasisi. Ya zanyi? Wani ɗan Kebbi, unguwar Hamdaniyya.

AMSA: Ba “za a riƙa” ba ne ɗana, an daɗe ana dubawa, sa'a ce kawai ka yi. Lasisin mota baya aiki a ruwa, tuƙin abin hawa na teku yana da nasa lasisin daban, kuma iya tuƙi a kogin Kwara bai sa ka san Bahar Maliya ba, can yashi ne da ciyawa in ka taka ka tura da gora ka wuce, nan kuwa sha'abi ne, duwatsun murjani masu kaifi da suke kwance ƙasa kaɗan da fuskar ruwa, da rana tsaka kana ganin korensu, da la'asar in rana ta dawo maka ido ba ka ganin komai sai dai ka ji ƙarar farfela.

Bari in baka labarin abin da na gani da idona a bakin Sharm Abhur, inda ruwan ke fita teku. Wani yaro ne irinka, direban gida, mai gidansa na zaune a baya da shisha da baƙinsa, jirgin sintiri ya matso aka ce a kawo takardu. Mai gidan ya miƙa takardar jirgi lafiya lau, aka ƙirga rigunan ceto aka samu bakwai mutum tara, aka ce wa ke tuƙi, yaron nan hannunsa na kan sitiyari yana rawa, ya zaro igama aka karanta aka ga direban gida. Wallahi abin da ya tsaya min a rai ba tarar da aka rubuta ba ce, yadda mai gidan ya juyo ya kalle shi ne yace “ai kai ka ce min ka iya”, kamar ba shi ya sa shi ba. Aka juyo da su marsa a hankali kowa na kallo, kifin da suka gasa ko taɓa shi ba a yi ba.

Matsalarka biyu ce. Ta farko lasisin, wannan mai sauƙi ce in kafili na so, shi zai tsaya a yi maka. Ta biyu sana'ar da ke kan igama, ita ce mai nauyin, don gyaran dokar ƙwadago da ya fara aiki a watan Maris 2021, wanda ya ba ma'aikacin kamfani damar canja wurin aiki ta manhajar gwamnati ta Qiwa bisa sharuɗɗa, bai haɗa da 'yan aikin gida ba, direban gida kuwa a cikinsu yake, ku harkarku ta manhajar 'yan aikin gida, Musaned, take bi. Kenan kana aikin ɗan teku da haƙƙin direban gida. Ka same shi ranar da yake cikin nishaɗi, kada ka fara da maganar albashi, ka ce masa ya ammi ina tsoron kar a rubuta maka muhalafa, wato tara, saboda ni, ka bar shi ya ji abin a aljihunsa zai ƙare. In ya ƙi gyarawa toh ka tsaya a motarka, kuma duk abin da kuka yi magana ka sa ya zama a rubuce ko da a WhatsApp ne.

TAMBAYA: Malam ina da ɗan abin da na tara na sayar da abinci lokacin Hajji da Umara. Wani maƙwabcinmu ɗan ƙasa yace in kawo kuɗi a sayi ƙaramin jirgi da sunansa a riƙa haya ana bani riba duk wata. Mutumin kirki ne muna gaisawa da matarsa. Hajiya daga Shara Mansur, Makka.

AMSA: Hajiya kar ki soma. Wannan shi ake kira tasattur, ɗan ƙasa ya ba da suna baƙo ya zuba kuɗi, hukuncinsa a dokar da ake aiki da ita yanzu ya kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, baƙo kuma a ƙara masa da tarhil, wato kora daga ƙasar. Ko ba a kama ku ba, a takarda jirgin nasa ne, ranar da ya ce bai san zancen ba ko ya rasu magada suka zo rabon gado, wace kotu za ki je ki ce me? Ga shi jirgi ba kamar fili ba ne da za ki saya ki manta, gishirin tekun nan cin ƙarfe yake ko jirgin na aiki ko yana kwance. Ki ci gaba da gaisawa da matarsa, kuɗin ki kuma ki nemi shago a gida.

TAMBAYA: Kawu ni kuku ne a wani babban yahat, sabon kyaftin ya zo ya manna takarda a kicin yace ko ɓawon albasa kada in ƙara zubawa a ruwa, har ya ƙwace kifin najil da na kama wa mai gida a watan Afrilu ya mayar ruwa. Wannan ba iyayi ba ne kuwa? Kifi ai shi ma abinci yake nema. Ɗan Damagaram, marsar Jidda.

AMSA: Hahaha Allah ya shirye ka, wai kifi abinci yake nema. Kyaftin ɗinka ya fi ka gaskiya sau biyu. Akwai yarjejeniyar duniya ta hana gurɓata teku da ake kira MARPOL, ta daɗe, amma daga 1 ga Janairu 2025 Bahar Maliya ta fara aiki a matsayin yanki na musamman a ɓangaren mai da na shara, ma'ana ƙa'idar ta ƙara tsauri a nan. Leda da roba dama haramun ne a kowane teku, haka man girki da ka gama suya da shi. Ragowar abinci kuwa a yanki na musamman sai an niƙe shi, kuma sai jirgi na tafiya, kuma aƙalla mil 12 na teku daga gaɓa mafi kusa. Ku da yawancin yawonku kusa da gaɓa da tsibirai ne yaushe za ku cika wannan sharaɗin? Ka ƙulle a leda ka sa a firiza in wari kake gudu, ka sauke a marsa. Takardar da ya manna ma ba ƙirƙirarsa ba ce, duk jirgin da ya kai mita 12 ana so ya manna irin ta. Dalilin tsaurin ma a bayyane yake, tekun nan kamar tulu yake mai ƙaramin baki, ta kudu Babul Mandab ta arewa Suwez, babu wani kogi da ke zuba a cikinsa, abin da ka zuba yau yana nan yana jiranka.

Najil kuma, shi da ɗan uwansa ɗaradi, ma'aikatar muhalli da ruwa da noma tana rufe kamunsu a Bahar Maliya wata biyu, Afrilu da Mayu, lokacin da suke taruwa su yi ƙwai. Na san daɗinsa, na san kuma kuɗinsa a Bangala, kasuwar kifin Jidda, shi ya sa ma aka kusa ƙarar da shi. Ka ba mai gida sha'ur ko bayad na wata biyun nan ba zai mutu ba. Tunda mun zo nan bari in ƙara wa masu jefa anka nasu, a daina sakin ta a kan murjani, a nemi yashi ko a ɗaure a inda aka tanada, yanzu akwai hukuma sukutum mai suna Shams da aikinta kenan kula da murjani da kunkurun teku, ga kuma dakarun tsaron muhalli. Wanda ya san wajen Bayada shekara ashirin baya ya san abin da anka ta yi masa.

TAMBAYA: Salam ya Kawu. Ni Bahaushe ne haifaffen Bur Sudan, shekara da shekaru ina aiki a jirgin da ke kai Turawa masu nutso Sanganeb da Sha'ab Rumi, tun da yaƙi ya tashi jirgin na ɗaure babu baƙo ko ɗaya. Mai jirgin yace ko mu tsallaka da shi Jidda mu nemi aiki tunda ance can harkar ta buɗe. Haka kawai ake shiga? Ƙaninka daga Bur Sudan.

AMSA: Allah ya kawo muku ƙarshen wannan fitina ɗan uwa, tun Afrilun 2023 muke ganin mutanenku suna sauka a nan da jaka ɗaya a hannu. Abin takaici ne wallahi, don a wajen nutso ku ne manya, Sanganeb da Dungunab sun shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 2016, ga Umbria jirgin Italiya da ma'aikatansa suka nutsar a 1940 dab da garinku da bama-bamai a cikinsa, ga Sha'ab Rumi inda Bafaranshen nan Kusto ya kafa gida a ƙarƙashin ruwa a 1963 mutane suka zauna a ciki. Wanda ya yi aiki a waɗannan wuraren ba ɗan koyo ba ne.

Harka ta buɗe kam, tun da aka fara bizar yawon buɗe ido a 2019, aka buɗe kulob ɗin yahat na Jidda a 2021 gefen filin tseren mota, a ƙarshen 2023 har wasan share fage na gasar jiragen filafilai ta Kofin Amurka aka yi a nan. Amma ba a shiga haka kawai. Tsakaninmu da ku kusan kilomita 300 ne, kwana ɗaya da wuni ya isa a tsallako, sai dai jirgin waje dole ya samu wakili mai lasisi a nan tun kafin ya taso, shi zai nema masa izini ya faɗa masa ta wace mashiga zai shigo, kowa a ciki da fasfo da biza, ga takardun jirgi da inshora masu rai. Sannan ka riƙe wannan da kyau, izinin shigowa a matsayin baƙo ba izinin yin haya ba ne, kai ma bizar ziyara ba ta aiki ba ce. In mai jirgin da gaske yake ya fara neman kamfanin da zai yi aiki a ƙarƙashinsa, a gama magana kafin a kunna inji. Kai kuma ka tattara duk shaidar da kake da ita, katin nutso, littafin ɗan teku, takardar horon STCW in ka taɓa yi, wanda ake koyar da kashe gobara da agajin gaggawa da yadda ake tsira a ruwa, don manyan jiragen nan da ita suke fara tambaya kafin sunanka.

Abu ɗaya nake roƙonka don girman Allah, in aka ce maka ga sambuk, jirgin katako, na tashi da dare daga wajen Sawakin kar ka hau. Wanda bai nutse ba Harasul Hudud na jiransa, kuma an ɗauki yatsunka kenan ka rufe wa kanka ƙofar da wataƙila da ta buɗe ta halal.

TAMBAYA: Baba ina yini. Maigidana yana aiki a yahat, yace za su kai jirgin Oman ta hanyar kudu, ta Babul Mandab, su yi wata biyu, ni kuma hankalina bai kwanta ba saboda abin da muke ji a labarai. Yace in daina tsoro ai manyan jiragen kaya kawai ake harba. Ga yara uku. 'Yarki daga Karantina, Jidda.

AMSA: 'Yata tsoronki na kan hanya. Tun Nuwamban 2023 da 'yan Husi suka kama jirgin Galaxy Leader hanyar Babul Mandab ta zama abin da ta zama, a Maris 2024 wani jirgin kaya Rubymar har nutsewa ya yi bayan an harbe shi, manyan kamfanoni da yawa suka koma zagayawa ta ƙasan Afirka duk da tsawon hanyar. Wani lokaci abin ya lafa wani lokaci ya taso. Gaskiya ne manyan jirage aka fi nufa, amma wajen matsattse ne, kuma ƙaramin jirgi fari fat mai sheƙi ba shi da inda zai ɓuya.

Ba zan ce miki ki hana shi ba, abincinsa ne. Amma ki sa shi ya yi wa kyaftin tambaya ɗaya, shin inshorar jirgin ta rufe wannan yankin, kuma ta rufe ma'aikata ko jirgin kaɗai? Inshora ta yau da kullum ba ta ɗaukar haɗarin yaƙi, sai an saya mata ƙari na musamman, masu jirgi da yawa in sun ji kuɗin sai su fasa tafiyar ko su ɗora yahat ɗin a kan babban jirgin dako a kai musu, ma'aikata su bi ta sama. In aka ce masa “ma fi mushkila”, wato babu matsala, ba a nuna takarda ba toh akwai mushkila. Ya kuma duba bizarsa ta fita da dawowa ta kai kwanakin tafiyar har da rara, kar igama ta mutu yana waje ku shiga wani sabon tashin hankalin. Kafin ya tafi ya bar miki hoton fasfonsa da na kwantiragi da sunan jirgin da lambar ofishin marsarsu, lambar gaggawa ta Harasul Hudud kuma a nan Jidda 911 ce, ki rubuta ta a bangon kicin kusa da ta mai gas. Ki gaida yaran, ki ce masa in ya ga dama ya same ni bayan Isha'i ranar Talata a wajen mai shayin bakin marsa, ya taho da takardar inshorar mu karanta tare.